Baba da Rawar Gauraka

Daga Allah muke, gare Shi kuma za mu koma. Baba ya cika ranar Talata da hantsi a ɗakinsa na Ƙofar Guga, Inna na zaune a bakin gado riƙe da kunun da ya ce a dama mashi. Kafin la'asar an kai shi makwancinsa. Ni ce ɗiyarsa ta fari, ni ce kuma wadda ta fi kowa ɓata mashi rai a duniyar nan, saboda haka ba zan bari wani ya rubuta labarinsa ya gyara mani nawa ba.

Kwana bakwai gidan bai rabu da mutane ba. Tsofaffin abokan aikinsa na gandun daji suka cika ƙofar gida, ƙannena maza na shigowa suna faɗa mana abin da ake cewa, wai mutum ne da ba a taɓa jin muryarsa ta wuce zaure ba. Liman ya ce shekara da shekaru suna salla tare, kuma Baba kaɗai ya sani da zai fito daga masallaci ya tsaya da takalmi ɗaya a ƙafa yana kallon sama har kowa ya watse. A cikin gida kuwa matan unguwa sukan yi gaisuwa yadda ya kamata, su ce Allah Ya ji ƙan Malam mai tsuntsaye, sai ka ga wata ta ja gyale ta rufe baki. Na san abin da ta tuna, ban kuma ji haushinta ba. Goggo, ƙanwarsa, ta yi kuka har muryarta ta dishe. Da ta sami numfashi ta ce Yaya ya tafi bai taɓa yin hankali ba, Allah Ya sa haka 'yan Aljanna suke.

Rana ta uku wani dattijon Bafillatani ya taho da ƙafa daga bayan gari, ƙwaryar nono a hannunsa. Ya tsaya a zaure ya yi wa Inna gaisuwa daga can. Ya ce shi da Malam sun daɗe suna kiwo a fadama ɗaya, shi yana kiwon shanu, Malam yana kiwon tsuntsaye. Ya ce shekara biyu ke nan Malam ya daina zuwa, wurin ya yi shiru, kuma har yau bai san abin da ya hana shi ba. Ina jin haka na tashi na shige ɗakin Inna na turo ƙofa. Ni ce na hana shi.

Don wanda bai san gidanmu ba, sai na ɗan koma baya. Kakanmu maharbi ne, Baba kuma ya bi shi daji tun kafin a kama shi a sa makaranta. Da ya gama ya shiga aikin gandun daji, a nan ya yi ritaya. Da kakan namu ya rasu Baba ya ce a ba ƙaninsa kwari da baka, shi abu ɗaya yake so, kan burtu. Yaran yanzu ba su san shi ba. Burtu wani babban baƙin tsuntsu ne da ke yawo a ƙasa yana tsince-tsince, namun daji da sauran tsuntsaye ba su gudunsa. Sai maharba su sami ƙoƙon kansa da dogon bakin nan, su kafa a kan lanƙwasasshen itace, su naɗe da fata, su ɗaura a goshi. Mutum ya lulluɓa da baƙin zane, ya durƙusa, ya riƙa rarrafe yana sunkuyar da kai yana ɗagowa har ya isa kusa da abin da zai harba. Da shi Baba yake isa kusa da tsuntsu, sai dai shi kyamara ce a ƙarƙashin zanen. Ta hannu ce ya sayo a Kano, mai wani dogon ido da Inna ta sa wa suna taɓarya.

Ba ya ɗaukar hoton tsuntsu ranar da ya fara ganinsa. Ya ce rashin kunya ne, ko baƙo ka yi ai sai kun gaisa ya sha ruwa. Yakan yi kwanaki yana zuwa ya zauna kawai, sai tsuntsun ya daina ɗaga kai ya dube shi sannan zai taho da kyamara. In an wanko hoto, ya juya bayansa ya rubuta da ajami abin da tsuntsun yake yi kafin a ɗauka da abin da ya yi daga baya. Akwatin ƙarfe guda ya bari cike da su, kuma rubutun bayan ya fi hoton daɗi.

Akwai darbejiya a tsakar gidanmu da marai suke saƙa sheƙa a jikinta duk damina. Baba ya gano cewa namijin ne yake saƙa, macen ta zo ta leƙa ciki ta ja zare nan da can, in bai yi mata ba ta tashi, shi kuma ya warware kayansa ya sake daga farko. Babu surukin da ya zo gaisuwa gidan nan bai sha wannan labarin ba. Yakan ƙare da cewa shi dai sau ɗaya aka leƙa tasa aka shige. Inna ta ce daga bakin murhu, ai ba ta duba da kyau ba ne.

Faɗansu na shekara-shekara a kan shamuwa ne. Da an fara jin ƙamshin damina zai hau tsani ya ɗaura tsohon kwando a kan bishiya don ta sami inda za ta yi sheƙa. Wata shekara ya rasa tsoho, ya ɗauke sabon da Inna ta sayo a Babbar Kasuwa. Ta yi kwana biyu ba ta yi mashi magana ba, ga kuma kashin tsuntsu a kan shanya. Shi ko a jikinsa. Abin da yake cewa kullum, in wani ya ɗaga hannu zai kori kurciya daga taga ko ya katse yaro yana magana, shi ne a bari ta gama abin da take yi. Wannan kalmar mun ji ta har ta gundure mu.

Bai taɓa faɗa wa kowa inda sheƙa take ba, har Inna. In zai je wurin sai ya yi zagaye don kar sawunsa ya nuna hanya. Wani Alhaji da ke tara tsuntsaye a gidansa ya taɓa aikowa har sau uku a tambaye shi inda ake samun gauraka. Baba ya ce a gaya mashi tsufa ya zo, ya manta. Da asubar washegari ya tada babur ya nufi wurinsu.

Ni kuwa, da yake ni ce ta fari, bai taɓa kiran sunana ba. Ina ƙarama "ke" ce, da na fara koyarwa na zama Malama. Ko ina zaune a gabansa sai ya dubi Inna ya ce a gaya wa Malama an ajiye mata goriba. Haka muka rayu, kuma ban taɓa shakkar yana so na ba.

Gaurakan nan su ne maganar. Dogayen tsuntsaye ne masu tukku ruwan zinariya a ka. Baba ya ce yana yaro garke-garke suke sauka a fadamun bayan gari, amma masu tarko suka yi ta kwashe su ana kai wa masu hali su yi ado da su a gida. Ya daɗe bai sa su a ido ba, sai ga biyu, mace da namiji, a wata fadama in ka fita ta Ƙofar Guga ka yi nisa. Gauraka suna rawa, kuma rawar nan ita ce abin da Baba ya fi so ya ɗauka a rayuwarsa. Sau uku ya gan ta daga nesa, aka wanko hotunan sai ɗigo biyu baƙaƙe a cikin ciyawa. Ya ce sai ya matsa kamar daga zaure zuwa bakin rijiyarmu. Damina biyu ya yi yana rarrafe da kan burtu a goshi, kowane mako ya ƙara 'yan taku, mutumin da ya haura saba'in. Yakan dawo da gwiwa duk taɓo, Inna na dafa ruwan zafi tana mita.

Ana cikin haka soja suka ce za su koma bariki, gari ya ɗauki siyasa. Maigidana ya fito takarar kansila a mazaɓarmu. Ni ce na fi shi ɗaukar abin da zafi, ban ɓoye ba. Gida-gida na bi mata, har muryata ta shaƙe.

Wata safiya motar 'yan ɗaya ɓangaren ta bi ta gefen fadamar za su ƙauye kamfe, suka hango wani abu baƙi yana rarrafe da dogon baki. Suka tsaya, abin ya miƙe, sai ga surukin ɗan takara. Kafin azahar babu lungun da labarin bai shiga ba. Daga ranar duk inda suka yi taro sai wani ya ɗaura kwali a goshi ya durƙusa yana sarar ƙasa, jama'a na shewa suna kiran maigidana surukin burtu. A makaranta na shiga ofishin malamai aka yi tsit. Wata da ban taɓa shiri da ita ba ta karkace kai ta ce mani ya jikin Baba, an kuwa gwada yi mashi rubutu? Wallahi da ba don ɗalibai na waje ba da na kwaɗa mata rajista.

Maigidana dariya kawai ya yi, ya ce in rabu da su. Ni da baƙar zuciyata ina zan iya. Na je gida na tarar da Baba yana goge idon kyamara, na yi abin da ban taɓa yi ba, na yi mashi magana kai tsaye. Na ce ya haƙura da fadamar nan har a gama zaɓe. Ya ce, yana kallon Inna, a gaya wa Malama saura kaɗan, in ya yi fashin mako guda sai ya koma farko.

"Baba, kai fa dattijo ne," na ce. "Mu kake zubar wa mutunci a gari."

Inna ta saki ludayin da ke hannunta. Shi kuwa ya ci gaba da goge gilashin da tuni ya goge.

Ranar Alhamis bayan la'asar na koma. Yana kwance a kujerarsa ƙarƙashin darbejiya, hula a kan fuska. Na lallaɓa na shiga ɗakinsa, na ciro kan burtun daga ƙusa, na sa ƙarƙashin mayafi na fice. A gida na naɗe shi a tsohon zane na jefa saman kabad. Na ce wa kaina aro ne, ana gama zaɓe zan mayar.

Inna ce ta ba ni labarin abin da ya biyo. Da asuba ya tsaya yana kallon ƙusar, bai tambayi kowa ba, ya ɗauki baƙin zanen ya tafi. Gaurakan suna ganinsa babu bakin nan suka gane mutum ne, suka tashi suka koma ƙetaren ruwa. Kwana uku yana zuwa suna ƙara nisa. Ya ce zuwansa yanzu korarsu yake yi, ya zauna a gida ya fara sassaƙa wani kan burtun da itace. Kafin ya gama an yi mako biyu babu kowa a fadamar da sassafe, kuma da ya koma babu su. Wasu suka ce an ga mutane da raga, wasu suka ce sun yi arewa ne. Babu wanda ya sake ganinsu.

Maigidana kuwa ya ci zaɓe. Abin haushin, sunan nan da na so in binne shi ya taimake shi. Tsofaffi da ba su riƙe sunansa ba sun riƙe burtu, har yau in aka kira shi da shi daga kan babur ɗaga hannu yake. Ranar da aka rantsar da su na hau kujera na sauko da ƙullin. Ɓera ya cinye fatar, itacen ya rabu da ƙoƙon, bakin ya tsage gida biyu. Abin da ya yi zamanin kakana da na ubana bai yi wata uku a hannuna ba. Na zauna a ƙasa na yi kuka, na sake naɗewa na mayar, na kama bakina.

Shekara biyu na yi a haka. Baba bai sake zuwa fadama ba. Ya koma ɗaukar kurciya da tsada a tsakar gida, ƙafafunsa suka fara kumbura, babur ya yi ƙura a zaure. Bai taɓa tada maganar ba. Duk Juma'a in na zo a gaya wa Malama an ajiye mata kaza, a gaya wa Malama kar ta tafi rana ta yi zafi. Da zagina ya yi da na fi samun sauƙi. Nakan shirya maganar tun daga gida, ina shiga zaure sai ta gudu.

Da ciwon ya kwantar da shi, wata safiya Inna ta tare ni a bakin murhu. Ta ce ta gaji da ganin fuskar nan tawa, in shiga in faɗa mashi tun yana ji, in kuwa na bari ya tafi kar in zo mata da kuka. Ashe ta sani. Na shiga, na durƙusa a bakin gado, na faɗi komai har ɓeran. Na ce ya yafe mani.

Sannan ya juyo ya dube ni, ni ɗin, ba Inna ba.

"Na gan ki," ya ce. "Kin shigo kina kallon ko'ina ban da ƙofar ɗakina. Mi kike tsammani nake yi da ido shekara saba'in?"

Na ce to don me bai hana ni ba. Ya ce ya yi niyya. Ya ce amma a lokacin ya ga fuskata ta ƙasan hular, ya ga kunyar da aka ɗora mani a cikin mutane, shi kuwa bai taɓa tsayawa ya duba wannan ba, yana can yana duba tsuntsaye. Ya ce kar in ɗauka bai ji ciwo ba. Ya ji, wata guda ko muryata ba ya son ji. Amma ya yafe tun tuni, duniya da lahira. Na fara godiya ina sharar hawaye, ya ɗaga hannu ya ce akwai sauran magana, a tashe shi.

Inna ta ce ina za shi a wannan hali. Ya ce tsakar gida. Muka riƙe shi nan da nan muka fito da shi cikin hantsi, jallabiya na yawo a jikinsa. Ya ce mu sake shi. Ya tsaya yana rangaji har ƙafafunsa suka kama ƙasa.

"Tun da ke kika hana hoton," ya ce, "ke za ki riƙe shi. Buɗe ido."

Ya miƙa wuya, ya buɗe hannuwa, ya rusuna a hankali har sau uku. Ya yi taku biyu gefe, ya dawo. Ya sunkuya ya tsinci karan tsintsiya ya wurga sama, ya bi shi da kallo, sannan ya yi tsalle. Tsallen bai fi a zura faifai a ƙarƙashinsa ba, amma ya yi. Inna ta yi salati ta ruga ta sa sakata a ƙofar zaure, tana cewa yau ta ga ta kanta, in wani ya shigo me za ta ce.

Yana haki ya ce mani wannan rawar namijin ce, macen kuma ba tsayawa kallo take yi ba. Na ce Baba don Allah. Ya ce tashi. Ni da nake da jikoki, ni da ɗalibai ke ɓuya in sun hango ni, na ajiye mayafi na buɗe hannuwa a gaban ubana. Na rusuna, ya rusuna. Ya ce ba haka ba, wuyan ya fi haka tsawo, kuma ba ta gaggawa. Na sake. Ya zagaya ni, na zagaya shi, ya wurga kara na yi tsalle, ɗankwalina ya faɗi. Inna da ke ta faɗa ta zauna a kan turmi tana dariya har da riƙe ciki. Tun da aka haife ni ban taɓa yin wasa da Baba ba sai ranar, ina dariya hawaye na zuba.

Da ƙarfinsa ya ƙare muka zaunar da shi, Inna ta kawo ruwa. Ya sha, ya jingina kai, ya lumshe ido yana murmushi.

"To," ya ce, "yanzu mu biyu muka san ta."

Bai sake fitowa tsakar gida da ƙafarsa ba. Kwana tara bayan nan Allah Ya karɓi abinSa. Ya Allah Ka gafarta wa Baba, Ka yalwata kabarinsa, Ka yi mashi sassauci fiye da wanda ya yi mani, Ka ba Inna haƙurin zaman gidan nan babu shi. Rawar kuwa saura ni kaɗai, kuma har yanzu ban iya wuyan ba.